Masu Koyon Harbi A Damargu, A Duba Bayan Gwangwani

Duk wanda ya saba bin hanyoyin kasuwannin Damargu bayan kaka ya san abin da za mu faɗa ba baƙon abu ba ne. Da zarar an kwashe hatsi daga gonaki, fili ya buɗe, sai ka ga samari sun fita bayan gari, wani da kwari da baka, wani da bindigar toka ta kakansa, ƙananan kuma da danƙo, sun sami kututture ko shuri sun ɗora gwangwanin tumatir ko fasasshiyar ƙwarya suna gwada hannu. Ana shewa, ana yi wa wanda ya kuskure dariya. Abin da ba mu taɓa gani ba shi ne ɗayansu ya taka, kafin a fara, ya zagaya bayan gwangwanin nan ya duba wace hanya ce ta ratsa ta can.

To, jama'a, mu ne a bayan gwangwanin. Mu masu jakai da amalanke, da iyayenmu mata masu ƙwaryar nono da cuku a ka, da 'yan mata masu tallar ƙosai da ke yanke ta cikin gonaki don su riga rana isa kasuwa. A kakar da ta wuce muna dawowa daga cin wata kasuwa da la'asar sakaliya, sai jakin wata baiwar Allah da ke gabanmu ya zabura ya watsar da kayanta. Ko da aka duba, kibiya ce a cinyarsa. Yaran da suka harbo ta ba su ma san mun zo wucewa ba, domin dannin kara ya tsare musu gani. An ba ta haƙuri, ta haƙura, amma jakin ya yi makonni bai ɗauki kaya ba, kuma shi ne rabin jarinta. Da kibiyar ta ɗaga da kamu biyu, da goyon da ke bayanta ta samu.

Sanin kowa ne ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce. Daga Bakin Birji har Tanut, daga Gangara har Belbeji, ba mu da kurmin da zai tare abin da aka harba, kuma da rani ko karan gona dabbobi sun cinye. Kibiya takan yi taku 100 ko fiye. Ƙananan harsasan bindigar farauta, waɗanda ake harbin zabi da su, sukan yi mita 200 kafin su zube. Ita kuwa bindigar yaƙi irin Kalashnikov, harsashinta yana fita da gudun da ya haura mita 700 a daƙiƙa guda, kuma in an ɗaga bakinta yana iya wuce kilomita 2 da sauran ƙarfin kisa a jikinsa. Wato mutum yana iya tsayawa bayan wannan ƙauye ya illata wanda ke ɗibar ruwa a rijiyar wancan, ba tare da sun taɓa ganin juna ba.

Kada wani ya ɗauka muna gaba da harbi ne. Harbi da kasuwa tsofaffin abokai ne a Damargu. A ƙarni na 19, lokacin da ayarin Kano da Damagaram ke ratsa ƙasar nan zuwa Agadas da Tarabulus, gashin jimina yana cikin manyan hajojin da ke fita daga nan, kuma da hannun maharba a cikin wannan arziki. Yau jiminar ta ƙare a dajinmu, sai dai a je Kelle, cikin gundumar Gure, a gan ta cikin shinge ana kiwonta. Wannan wani zance ne na daban. Amma har gobe makiyayi yana bukatar hannunsa ya faɗa don kare garkensa daga dila da kura, kuma ɗan maharbi ba zai gaji ubansa ba in bai koya ba. Ita ma doka ta faɗi nata: akwai dokar farauta mai lamba 98-07 ta 29 ga Afrilun 1998, riƙe bindiga sai da takardar izini, kuma tun 1994 gwamnati ta kafa hukumar tattara makaman da ke hannun jama'a ba bisa ƙa'ida ba. Wanda ke ɓoye da bindigar da ba takarda, maganarsa tana wurin jandarmomi. Mu da masu halal muke magana.

Abin da ya sa muka kawo zancen nan shafin 'yan kasuwa shi ne, kusan duk abin da ake kafawa a harba daga rumfunanmu yake fitowa. Mu ke sayar da tsohuwar gangar mai, mu ke sayar da kwalba da gwangwani, kuma a layinmu mai walda yake. Saurayi zai zo ya ce a yanka masa farantin ƙarfe a yi masa ƙafafu, wai yana son ya riƙa jin ƙara in ya samu. Mai walda ya karɓi kuɗinsa, ya yanko wani ɓallin tsohuwar mota ya liƙa masa. Daga nan ɓarna take farawa.

Ƙarfe ba ya haɗiye harsashi, mayar da shi yake yi. Gaskiya ne a Amurka da Turai akwai masu harbin farantin ƙarfe, har ana sayar da shi a kanti, to amma nasu ƙarfe ne na musamman da aka gasa ya yi taurin da harsashi ba ya lotsa shi, ana rataye shi ya sunkuya ƙasa don ɓaraguzan su zube cikin turɓaya, kuma akwai tazarar da ba a yarda mai harbi ya matso ƙasa da ita ba. Ƙarfen gangar mai da na tsohuwar mota mai laushi ne. Harbi ɗaya biyu ya yi rami-rami, kowane rami kuwa ya zama kamar ludayi, ya kwaso harsashi na gaba ya juyo da shi inda ba wanda ya nufa, wani lokaci fuskar mai harbin ko ta yaran da suka taru kallo. Haka dutse yake yi, haka busasshiyar ƙasar fako, haka ma fuskar ruwan tafki. Mai waldar da ya ƙi wannan aiki bai yi asarar ciniki ba, domin ranar da ido ya fashe za a tambayi wanda ya ƙera.

Kwalba kuwa, in an fasa an tafi, raƙumi da akuya da yaro marar takalmi su ke biyan bashin. Itace mai rai ma ba abin aunawa ba ne. Gawo da aduwa da magaryar da suka rage mana ba su kai mu riƙa huda su don wasa ba.

Abin mamaki, maganin yana ƙarƙashin ƙafarmu, kuma kyauta ne. Ba abin da ke shanye harsashi kamar rairayi. Duk wanda ya bi hanyar Damagaram zuwa Agadas ya ga buhunan yashi jere a shingayen sojoji, ba don ado suka tara su ba. Mai son gwada bindigarsa ya nemi gindin jigawa mai tsayi, wadda ta fi mutum nesa ba kusa ba, ya kafa abin aunawarsa a ƙasa-ƙasa daf da ita, yadda ko ya kuskure rairayi ne zai karɓa. Abin aunawar kuma kwali ya isa, a zana da'ira da gawayi. Maƙalarsa a yi ta da icce marar kauri ko kara, a ɗaure da igiyar kaba maimakon ƙusa. In ta karye, wata ba ta kai kuɗin tiyar hatsi ba.

Ga masu baka kuma, a nan ne muke ganin har akwai ciniki ga matanmu. A wasannin Olamfik ana harbin kibiya daga mita 70, a auna takarda mai faɗin santimita 122, abin da ke bayan takardar nan kuwa ko soso ne ko ciyawa. Na ciyawar, wanda Turawa suka daɗe suna amfani da shi, murɗa ta ake yi a naɗe a ɗinke, zagaye bisa zagaye. Duk macen da ta taɓa ɗinka faifai ta riga ta gane aikin, faifai ne babba mai kauri. Muna da gamba, muna da kaba, muna da hannun da ya iya. Wadda ba ta da lokacin ɗinki ta sami tsohon buhun hatsi ta danƙare shi da tsummoki da ledojin da suka addabi kasuwanninmu, ta ɗinke baki. Kibiya tana shiga ta tsaya, a zare ta ba ta lanƙwashe ba, abin da kowane maƙeri zai gaya maka kututture ba ya bari. Muna sayar da igiya da akala da tabarma a layi guda, ba mu ga abin da zai hana wannan ya sami gurbi kusa da su ba.

Sai dai ko an sami abin aunawa mafi kyau, in an kafa shi a bakin turba aikin banza ne. Nan ne muke kira ga sarakunan kasuwa da shugabannin 'yan kasuwa maza da mata, su je wurin masu gari da sarakunan baka a zauna. Kowane gari ya ware wuri ɗaya sananne, nesa da rijiya da burtali da hanyar kasuwa, a sanar da shi ta bakin sanƙira yadda makiyaya ma za su ji. Belbeji ta zama gunduma mai cin gashin kanta tun 2011, saboda haka mutanen Tarka ba sai sun je Tanut ba kafin su sami hukumar da za ta sa hannu a kan irin wannan shawara. Kuma a yarda da abu ɗaya ko da sauran sun gagara: ranar da kasuwa ke ci, da jajibirinta da yamma lokacin da fatake ke isowa, kada a ji ƙarar bindiga ko a ga an ɗana baka a kewayen gari, sai washegari bayan an watse.