GWIWAR YARO TA FI KOFINKU: ZUWA GA 'YAN GIDAN KALLON UNGUWAR KANAWA

Jama'a, na so in yi shiru, amma abin da na ji daren jiya a teburin mai shayi bayan an tashi daga gidan kallo ya hana ni barci. Ku yi haƙuri rubutun zai ɗan yi tsawo. Wanda ba zai iya karantawa har ƙarshe ba, don Allah kar ya zo min da sharhi.

Ga waɗanda ba 'yan unguwa ba, ga abin da ya faru. Kulob ɗinmu na unguwa ya shiga gasar kofi, kuma guri ɗaya ya rage mana na ɗan wasan gaba kafin a rufe rajista. Mutum biyu ne a gabanmu: wani tsohon hannu da ya shekara da shekaru yana yawo a kulob-kulob na Kawo da Badarawa, da kuma wani yaro ɗan shekara 17 da ya taso daga ƙaramar tawagarmu. Koci ya ce yaron yake so. Mu 'yan kwamiti muka amince, har da ni. Wasan farko yaro ya ci ƙwallo, aka ɗaga shi sama ana ihu. Wasa na biyu ya yi tsalle ya diro, gwiwa ta juya, aka fitar da shi a kafaɗa. Yau kwana goma ke nan bai taka ƙafar da kyau ba.

To daga nan ne masana suka fito. Wai koci ya yi mana asara. Wai da tsohon hannun aka ɗauka da yanzu muna da mai ci. Wai yaron ƙafar gilashi gare shi. Wani ma, babba da gemunsa, cewa ya yi: "Ai irin su Sadiq Umar ne, a saye ka yau, gobe ka kwanta." Aka bushe da dariya. Ni ban yi ba.

Tunda kun kawo sunan Sadiq, mu tsaya a kansa. Ɗan Kaduna ne, a garin nan aka haife shi a 1997, a irin filayen ƙasar da yaranmu ke bugawa ya fara. A gasar Olamfik ta Rio a 2016 ya ci wa Najeriya ƙwallo 4, biyu daga ciki a wasan da muka doke Honduras 3 da 2 muka ɗauko tagulla. Ya sha yawon aro daga Roma zuwa kulob-kulob daban-daban, kafin ya samu kansa a Partizan ta Sabiya, sannan Almería ta Sifaniya. A kakarsa ta farko a rukuni na biyu ya ci 20, ta biyu ya ci 18, ya taimaka suka hau La Liga a 2022.

A ƙarshen watan Agustan 2022 Real Sociedad ta sayar da Alexander Isak ga Newcastle a kan kuɗi kusan yuro miliyan 70. Tana neman mai maye gurbi, kasuwa na shirin rufewa, sai ta ɗauko Sadiq a kan kimanin yuro miliyan 20. Wasansa na farko, da Atlético Madrid, ya shigo ya farke musu ƙwallo aka tashi 1 da 1. Ranar 11 ga Satumba, a wasa da Getafe, jijiyar tsakiyar gwiwarsa, wadda likitoci ke kira ACL, ta tsinke. Kaka ta ƙare masa ke nan, ko mako biyu bai yi da zuwa ba.

Yanzu ina tambayar masu dariya: ranar da Sociedad ta sa hannu a takardar, wa ya san abin da zai faru a filin Getafe? Kai ka sani? Abin da ke gabansu shi ne ɗan shekara 25 da ya ci ƙwallo 38 a kaka biyu, kuma ya wuce gwajin lafiya. Da abin da mutum ya sani ranar da ya yanke shawara ake auna shawararsa. Amma mu sai ƙaddara ta faɗa, sannan kowa ya zama mai hangen nesa. Bayan tiya akwai wata caca? A wajenmu akwai: cacar baki.

Kar wani ya ce ina kare Sadiq ido rufe. Bayan ya dawo, ƙwallayen da ya ci wa Sociedad ba su taka kara sun karya ba, duk da wasu biyu na nesa da ya zura wa Sevilla da Osasuna a ƙarshen 2023. A Janairun 2025 suka ba da shi aro ga Valencia. Ka ce salon wasansa bai dace da nasu ba, zan saurare ka. Ka ce sayen ranar ƙarshe sayen firgici ne, ya kamata tun kafin a saki Isak a tanadi madadinsa, wannan ma magana ce. Wannan sukar shugabanni ce, kuma halak ce. Amma ka mai da tsinkewar jijiya abin zagi, ka ce wa mutum "asara", wannan rashin tausayi ne kawai aka sa masa rigar sharhin wasanni.

Ku tuna kuma abin da muka yi masa a Janairun 2024. An cire shi daga tawagar Super Eagles ta gasar cin kofin Afirka a Kwaddibuwa saboda ciwon gwiwa, aka kira Paul Onuachu. Bayan 'yan kwanaki aka gan shi yana atisaye da kulob ɗinsa. Kafin kowa ya tsaya ya ji bayanin likitoci, Facebook ya kama da wuta: maci amana, ya gudu, ya fi son yuro. Wato in ya kwanta mu ce rago ne, in ya tashi mu ce maƙaryaci ne. Ina za shi?

'Yan Manchester United da suka fi kowa baki a gidan kallonmu, ku zo kusa. A shekarar 2000 kulob ɗinku ya daidaita da PSV kan Ruud van Nistelrooy, cinikin ya tsaya saboda shakkun gwiwa, bayan kwanaki kaɗan jijiyar ta tsinke masa a wajen atisaye. Da irinku ne a ofis, da an shafe sunansa. Ferguson ya jira shi shekara guda, aka saye shi a 2001 a kan fam miliyan 19. Ya ci muku ƙwallo 150 a wasa 219. Ronaldo na Brazil ma gwiwarsa ta lalace sau biyu a Inter, a 1999 da 2000, aka ce ya gama. A 2002 ya ci 8 a gasar kofin duniya, ya ɗaga kofin. A ɗaya ɓangaren kuma ga namu na gida, Daniel Amokachi, ɗan Kaduna da ya taso a Ranchers Bees, ya ci kofin FA da Everton a 1995, ya ci zinare a Atlanta a 1996. Gwiwa ce ta raba shi da fili tun bai kai shekara 30 ba. Wanda yake da likitocin Turai ke nan fa. Ina ga yaron da mahaifinsa ke faci a bakin titi?

Nan ne inda abin ya fi ƙona min rai. Jiyan nan, a cikin masu cewa yaronmu ƙafar gilashi gare shi, wani ya matso kusa da koci ya ce: "Oga, a yi masa allura kawai a ɗaure da bandeji, ya ba mu ko minti talatin a wasan kusa da na ƙarshe." Wallahi da kunnena na ji. Kuma yaron da kansa so yake ya buga, don ya ji abin da ake faɗa a kansa, kunya ta ishe shi. Da na je duba shi cewa ya yi: "Yaya, ai na ji sauƙi, ku sa ni." Ga gwiwa ta kumbura kamar ƙwarya.

Ku saurara da kyau. Allurar kashe zafi ba ta ɗinke jijiya, tana rufe wa jiki baki ne kawai don kar ya yi ƙara. In jijiyar nan ta tsinke, gwiwa ba ta da birki, duk juyin da ya yi sai ta goce, ta riƙa cin guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwa. Abin da tiyata ɗaya da watanni shida zuwa tara na gashi da motsa jiki za su iya gyarawa, sai ya zama ciwon da zai bi mutum har tsufa. Mai ɗori ina girmama shi, ya taimaki mutane da yawa a kan karaya da targaɗe. Amma jijiyar da ke can cikin gwiwa hannu ba ya ganinta, ko hoton ƙashi na yau da kullum ba ya nuna ta sosai, sai hoton MRI. Mu kuwa har yau ba mu san me ya samu yaron ba, saboda ba a yi hoton ba, saboda babu kuɗi.

Babu kuɗi? Mu da muke biyan kuɗin shiga gidan kallo sau uku a mako, mu sha shayi da ƙwai, mu sayi data don mu zagi Arteta? Mu da muka haɗa kuɗin sabuwar jesi cikin kwana biyu? A Turai in ɗan wasa ya ji rauni albashinsa na tafiya, kulob ya biya tiyata. Mu nan yaro ya buga mana a filin da tsakuwa ta fi ƙasa yawa, ba kwantiragi, ba inshora, ya karye don sunan unguwa, mu bar wa mahaifiyarsa jinya, sannan mu zauna muna muhawara ko ya cancanci a ɗauke shi.

Ni dai ga matsayata, kuma zan faɗe ta a taron kwamiti ranar Juma'a bayan la'asar. Na ɗaya, yaron nan ba zai taka fili ba sai likitan ƙashi ya gani ya ce ya taka, ko da za a cire mu daga gasar. Na biyu, kuɗin da muka ware don walimar kofi a juya su zuwa hoton gwiwa, in ta kama a kai shi asibitin ƙashi na Dala a Kano, a kai shi. Na uku, daga yanzu duk gasar da za mu shiga, a cire wani kaso na kuɗin da aka tara a ajiye don jinyar wanda ya ji rauni, kafin a sayi ko safa ɗaya. Na huɗu, zaɓen da koci ya yi daidai ne, kuma in aka dawo da ranar zan sake ɗaga hannu. Kulob ɗin unguwa da ba zai ba yaron da ya raina dama ba, sai ya riƙa hayar tsofaffi don kofi ɗaya, to me ye amfanin ƙaramar tawagar?

Mai ganin tsohon hannun ya fi, ya zo taron ya kawo hujjarsa, za mu saurare shi da mutunci. Amma ya zo da gudummawarsa a aljihu. Wanda bai sa ko naira a jinyar yaron ba, ba shi da bakin kiran sa asara.

Allah Ya ba shi lafiya, Ya tashi kafaɗunsa. Mu kuma Allah Ya sa mu gane.