Zuma a Kan Gasasshiyar Kabewa: Magana ga Masu Jinyar Ciwon Suga

Uwargida da maigida, musamman ku da kuke da mai ciwon suga a gida, wani girki ya shigo madafanmu ta bidiyoyin Facebook da TikTok: a yanka karas da kabewa da dankali da albasa, a shafe su da mai da zuma, a gasa, a ajiye a gefen shinkafa. Gashin abin yabawa ne. Zumar ce nake da ja a kanta.

Gashi ya fi suya, domin mai kaɗan yake ci. Magidancin da ya wuni a masana'antun Sharada ko Challawa, abincin ranarsa bai wuce taliya da lemon kwalba ba, in ya dawo Panshekara ya tarar da farantin kayan lambu, ya ci riba.

Sai dai wuta da kanta tana fito da zaƙi. Ruwan jikin kabewa da albasa yana ƙafewa, sukarinsu ya taru ya yi ja. Dankalin Hausa kuwa, wani sashe na sitacinsa komawa yake sukari, shi ya sa gasasshe ya fi dafaffe saurin ɗaga sugan jini. To, a kan wannan ne za a sake kwarara zuma.

Ku duba lissafin. Babban cokali ɗaya na zuma yana ɗauke da sukari kimanin giram 17. A shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa a abinci ya kai kashi 10 cikin 100 na kuzarin da mutum ke samu a rana, wato kusan giram 50 ga babba, kuma rabin haka ya fi. Ta sanya zuma a cikin wannan ƙidaya. Cokali uku a faranti ɗaya giram 51 ke nan. In mutum huɗu suka raba, kowa ya cinye rabin giram 25 ɗinsa tun ba a kawo shayi ba.

Ba na musun darajar zuma, ni ma da ita aka rene ni. Amma tana ɗaga sugan jini, kuma ba kowace ta kasuwa ce tsantsa ba, akwai wadda aka haɗa da narkakken sukari. Sau da yawa majinyaci yakan zo tagar karɓar magani yana cewa metformin ya daina yi masa aiki, sai bayan tambaya a gano ya bar sukari ne ya rungumi zuma. Kada wannan ya sa kowa ya ƙara wa kansa ƙwaya, balle glibenclamide, wanda ƙarinsa kan kayar da suga har mutum ya suma.

Ku gasa da citta da tafarnuwa da ɗan yajin ƙuli, ku matsa lemon tsami bayan an sauke. Ku yawaita kabeji da tattasai da yalo, ku rage dankali, kuma ranar da aka yi shi a rage shinkafar. Mai na'urar gwaji ya auna sugansa awa 2 bayan cin abincin, ya rubuta, ya nuna wa likitansa. Jaririn da bai cika shekara ɗaya ba kuwa, ko ɗanɗanon zuma kada a ba shi.