Ciwon sukari a Agege: a yi wa majinyaci magana da harshen da yake ji

Tun bayan da layin dogo ya haɗa Legas da Kano a farkon ƙarni na 20, Hausawa suka kafa zango a Agege, suna fataucin goro da dabbobi. A yau jikokinsu da sababbin zuwa sun cika unguwar da mahautar Oko-Oba. Sai dai idan aka zo batun kiwon lafiya, da yawansu sun zama jemage: Legas tana yi musu kallon baƙi, jihohinsu na asali kuma ba sa lissafi da su. Babu cutar da ke tona wannan gibi kamar ciwon sukari.

Ciwon sukari ba zazzaɓi ba ne da za a sha magani kwana uku a miƙe. Jinyarsa ta tsawon rai ce, kuma rabinta bayani ne: me za a ci, yaushe za a sha magani, yaya za a kula da ƙafa kada ƙaramin rauni ya kai ga yanke ta. Idan ma'aikaciyar jinya ta yi bayanin da Turanci ko Yarbanci, dattijuwar da ba ta jin ko ɗaya za ta gyaɗa kai don kunya, ta koma gida yadda ta zo. Shawarar abincin da aka gina kan amala da eba kuwa ba ta amsa tambayar mai karya kumallo da shayi da burodi, ya yi kwana da tuwon shinkafa.

Ga kuma azumi. Wasu magungunan, irin su glibenclamide, suna iya sauke sukarin mai azumi har ya suma. Ya kamata kowace cibiyar lafiya ta matakin farko ta zauna da majinyatanta tun a watan Sha'aban, a daidaita lokutan shan magani, tare da limaman unguwa waɗanda za su tunatar da jama'a cewa Shari'a ta yi wa marar lafiya rangwame.

Dokoki ba su yi ƙaranci ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko da aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta inshora, Legas kuma tana da shirinta na Ilera Eko. Akwai ma harajin Naira 10 kan kowace litar lemon zaƙi. Abin da ya rage shi ne kuɗin su isa teburin ma'aikaciyar jinya.

Don haka, ga masu tsara manufofi a Abuja, musamman a hukumar NPHCDA, buƙata uku ce. A ɗauki ma'aikatan lafiya masu jin Hausa daga cikin unguwar. A tabbatar da na'urar gwajin sukari da metformin ba sa yankewa. A ba kowane majinyaci katin da zai yi masa aiki a Agege da Katsina, domin fatake ba sa zama wuri guda.

Rigakafi ya fi magani, amma sai wanda ya fahimci bayani yake iya yin sa. Kafin ranar ciwon sukari ta duniya, 14 ga Nuwamba, ta sake zagayowa, a fara daga nan.