Ɗalibin Hausa, Gidan Tarihi Na Jiran Bakinka

A tsakiyar birnin Yamai akwai gidan tarihi na ƙasa, wanda aka buɗe a shekarar 1959, daga baya aka sa masa sunan Bubu Hama, marubuci kuma masanin tarihi. Wanda ya shiga zai ga zakuna da dorina, da tufafin al'ummomin Nijar, da maƙera da dukawa suna aikinsu. Zai kuma iske ƙasusuwan wasu halittu da suka rayu a wannan ƙasa miliyoyin shekaru kafin yau. Ra'ayina shi ne, ya kamata ɗalibin Hausa ya sadaukar da ƴan awowi a ƙarshen mako, ya tsaya gaban waɗannan ƙasusuwa a matsayin ɗan sa kai, ya yi wa baƙi bayaninsu da Hausa.

Dalili na farko shi ne baƙin kansu. An ce gani ya kori ji, amma ganin ƙashi ba ya faɗa wa mutum na mene ne. Tsohuwar da jikokinta suka kai ta yawon Sallah, ko manomin da ya shigo birni, ba lalle ne su iya karanta allon bayani ba. Sai su duba, su yi mamaki, su wuce. Alhali labarin nasu ne. A Gadufawa, cikin jihar Agadas, masanin Faransa Philippe Taquet ya tono dabbar da aka sa wa suna Ouranosaurus a shekarun 1960. A yankin ne kuma aka samo Sarcosuchus, wani dangin kada mai tsawon fiye da mita 9, da Nigersaurus mai haƙora sama da 500, wanda ke kiwon tsirrai na ƙasa-ƙasa. Duka sun rayu wajen shekara miliyan 110 da suka wuce, lokacin da wurin da yake rairayi yanzu yake cike da koguna da ciyayi. Wanda ya ji wannan da harshensa zai fahimci cewa hamada ma tana da mafari, kuma ƙasa tana sākewa.

Dalili na biyu shi ne harshen. A shekarar 2025 an ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar. Sai dai doka ba ta ƙirƙirar kalma. Masu magana ne ke yi. Yaya za a kira dinozor da Hausa? In ka ce “dodo”, ka mayar da ilimi tatsuniya. In ka ce “ƙaton ƙadangare”, ka kusa, amma ka ɓatar, domin masana sun nuna cewa kaza ta fi ƙadangare kusanci da shi. Yaya za a bayyana ƙashin da ma'adinai suka ratsa shi a hankali har ya zama dutse? A aji, ɗalibi zai rubuta kalmar da ya ga dama, malami ya ba shi maki. A gaban yaro ɗan shekara 10 kuwa, fuskar yaron ce za ta gaya masa ko kalmar ta zauna ko ba ta zauna ba. Kalmar da aka gwada a kunnen jama'a ta fi wadda aka haifa a kan tebur tsawon rai.

Ba ƙasusuwa kaɗai ke buƙatar mai bayani ba. A gidan akwai gangar jikin itacen Tenere, wanda ya daɗe yana tsaye shi kaɗai a kan hanyar ayarin gishiri tsakanin Agadas da Bilma, har mota ta kaɓe shi a 1973. Ba tare da mai bayani ba, busasshen itace ne kawai. Wanda ya san kalmomin ayari, da madugu, da zango, shi ne zai sa baƙo ya gane dalilin adana shi.

Akwai masu cewa aikin sa kai zai raba masu rakiyar baƙi da abincinsu. Wannan magana abar dubawa ce. Mafita ita ce ɗan sa kai ya shiga ta hannun hukumar gidan, ya yi aiki tare da ma'aikatanta, ya fi mai da hankali ga yaran makaranta da iyalan da dama ba za su ɗauki ɗan rakiya ba. Wasu kuma suna cewa ɗalibin harshe ba masanin kimiyya ba ne, zai iya yaɗa kuskure. Haka ne, kuma kuskuren da aka faɗa da Hausa mai daɗi ya fi saurin yaɗuwa. Saboda haka wajibi ne ya yi karatu tukuna, ya san cewa Sarcosuchus ba dinozor ba ne, ya kuma nuna wa masana abin da ya shirya kafin ya faɗe shi. In aka yi masa tambayar da ta fi ƙarfinsa, ya ce zai bincika.

Farawa ba ta da wuya. Ɗalibai uku ko huɗu su zaɓi abu guda a gidan, su rubuta bayaninsa na minti 5, su gwada shi a kan ƙannensu da iyayensu, su gyara, sa'an nan su nemi izini. Su riƙa rubuta kowace kalma da ta karɓu da wadda ta ƙi, tare da tambayoyin da baƙi suka yi. Cikin shekara guda za su tara ɗan ƙamus na ilimin halittu wanda jama'a suka riga suka tantance, su bar wa ɗaliban da ke bayansu.