Kar ka yarda a ɗaure maka cip da salatif a ƙarƙashin sitiyari

1/ Jama'a, duk mai motar da aka taɓa canja wa gidan makulli, ko ake shirin canja masa, ya daure ya karanta zaren nan. Yana da tsawo. Abin ya ci min kuɗi, ya kuma tsayar da ni a bakin titi da mahaifiyata a mota cikin zafin Afrilu, shi ya sa na ga bai kamata in yi shiru ba.

2/ A Limawa nake, nan Dutse. Motata ta 2005 ce, 'yar Amurka, irin waɗanda suka shigo ta Kwatano. Tun lokacin hunturu makullin ya fara gardama, sai na jijjiga sitiyari, na zare na mayar, kafin ya juya. Na yi ta cewa gobe zan kai gareji. Wata safiya ya ƙi juyawa gaba ɗaya. Shekara kusan ashirin ana murɗa abu, ga ƙurar garin nan, ai ya yi ƙoƙari.

3/ Bakanikena ya zo gida ya duba, ya ce suwic ne ya cinye, za a aiko da na gwanjo daga Kano. Washegari ya iso da makullinsa guda ɗaya. Aka ɗaura. Aka murɗa. Inji na juyawa lafiya ƙalau amma ya ƙi kamawa.

4/ Daga nan aka shiga lalube. Aka canja filogi. Aka ce famfon mai ne, na saya. Aka ce ko fiyus. Kwana na biyu da yamma ya kalle ni ya ce, "Alhaji, ina jin fa birenbos ce." Duk wannan abin da ake yi, akwai wata 'yar koriyar fitila mai siffar makulli a dashbod tana ta ƙiftawa. Babu wanda ya kula ta, har da ni.

5/ Wani mai wayarin ne da ya zo karɓar sifana ya leƙa, ya ga fitilar, ya yi dariya. Ya ce, "Ina tsohon makullin? Ina baƙin zoben da ke jikin tsohon suwic?" Aka tono su cikin tarkace. Ya mayar da tsohon zoben, ya ɓanɓare kan sabon makullin ya cire wani ɗan abu kamar ƙwayar shinkafa, ya kara kan tsohon makullina a jikin zoben, ya murɗa sabon. Bugu ɗaya mota ta tashi.

6/ Bari in yi bayanin abin da ya faru, don nan ne yawancinmu muke a duhu. Makullin irin waɗannan motoci abu uku ne a jiki ɗaya. Akwai ƙarfen da ke murɗa suwic da ƙofa. Akwai rimot mai buɗe ƙofa daga nesa, shi ne mai batir. Sai cip, wanda masu sana'ar ke kira tiransfonda. Kowanne aikinsa daban, kuma ɗaya na iya mutuwa sauran na aiki.

7/ Cip ɗin ba shi da batir. Zoben nan da ke kewaye da ramin makulli nadin waya ne. Idan ka murɗa, shi ke aika wa cip ɗin ɗan ƙarfin da zai farka, cip ya faɗi lambarsa, kwamfutar mota ta duba ko ta san shi. In ta san shi, ta saki mai da wuta. In ba ta san shi ba, ka yi ta kik har batir ya mutu. Wannan tsari shi ne imobilaiza. Kuma maganar tasu ba ta wuce tazarar 'yan santimita, sai cip na dab da zobe.

8/ To ka ga, suwic na gwanjo ya zo da makullin wata mota can da ban, da cip ɗin da motata ba ta taɓa jin sunansa ba. Ƙarfen ya dace da ramin, amma mota ta ɗauke shi ɓarawo. Aikinta ta yi. Mu ne muka kwana biyu muna yi mata maganin ciwon da ba ta da shi.

9/ Yanzu ga inda na yi nawa kuskuren. Mai wayarin ya ce, "Yallaɓai, abu mai sauƙi ne. A yanke kan tsohon makullin a ɗaure shi a jikin zoben ta ciki, a rufe murfin sitiyari, shi ke nan." Na tambayi kuɗi, ya faɗi abin da bai kai na cin abincin rana ba. Na ce a ɗaure. Wallahi har godiya na yi masa.

10/ Tun a ranar na fara ganin sakamako. Rimot ɗina yana cikin kan makullin da aka ɗaure, ke nan ya tafi. Na koma yawo da makullai biyu, guntun tsohon ƙarfe na ƙofa, sabon na tayarwa. Na sayi wani rimot a kasuwa, ya ƙi yi. Daga baya na gane dalili: motocin da aka ƙera don Amurka yawanci rimot ɗinsu na kan zangon 315 MHz, na Turai kuma 433. Kamarsu ɗaya a ido, amma ba sa jin yaren juna. Ko da zangon ya dace ma sai an yi masa rajista da motar.

11/ Wannan duk ƙaramin abu ne. Babban shi ne ranar da ƙanin matata ya je ya yanko min makulli na ajiya wajen masu yankan makullin ƙofar ɗaki. Ƙarfe zalla, ba komai a kansa. Ya sa, mota ta tashi. Yana murna, ni kuma gabana ya faɗi. Tunda cip na manne da zobe dare da rana, mota ta daina tambayar kowa. Duk abin da ya iya murɗa ramin nan, ko makulli ne ko sukundireba aka buga da ƙarfi, mai ita ne a wajenta.

12/ Duk da haka ban gyara ba. Kun san halinmu, in dai tana tashi.

13/ Ranar da za mu kai Hajiya ganin likita a Asibitin Malam Aminu Kano, muka tsaya a Kwanar Huguma sayen ruwa. Na kashe mota. Na dawo, ta ƙi tashi, koriyar fitilar nan ta dawo da ƙiftawarta. Zafi ya narkar da gam ɗin salatif, kan makullin ya zame ya faɗa can ƙasan murfin. Ba nisa ya yi ba, amma ya fita daga inda zobe ke jin sa.

14/ Sai da na ari sukundireba wajen mai faci, na kwance murfin sitiyari a bakin titi, gumi na zuba, mutane na kallo kamar wanda ke satar motar kansa. Hajiya ba ta ce komai ba sai, "Kai dai yi a hankali, Allah Ya sa haka ne mafi alheri." Wannan maganar ta fi min zagi ciwo. Mun isa an riga an wuce layinta, sai wani mako aka sake ba mu.

15/ Ra'ayina a nan shi ne: ɗaure cip a ƙarƙashin sitiyari ba gyara ba ne, cire maigadi ne a bar maka rigarsa a bakin ƙofa. Haka ɗan'uwansa, wato a buɗe birenbos a goge imobilaiza gaba ɗaya. Wannan ma ya fi muni, don salatif dai ana iya warware shi da hannu. Kuma abin da ya fi damuna, ana yi wa mutane ba tare da an gaya musu abin da suka rasa ba.

16/ Wani zai ce ai ƙaƙale ne na Turawa don su ci kuɗinmu. A'a. Satar mota ce ta ishe su. Tun 1998 aka wajabta sa imobilaiza a sababbin motoci a Tarayyar Turai, Ostareliya ta bi a 2001, Kanada a 2007. Wasu masana tattalin arziki biyu, Jan van Ours da Ben Vollaard, sun bi alƙaluman Holan, suka wallafa a 2016 cewa na'urar ta rage satar mota da kusan kashi 40 cikin ɗari.

17/ Amurka kuwa ba ta wajabta ba, kuma an ga abin da ya biyo baya. Motocin Kia da Hyundai da yawa da aka sayar can tsakanin 2011 da 2021 ba su da shi. Matasa a birnin Milwaukee suka gano ana fasa murfin sitiyari a tayar da su da kan wayar caji, bidiyon ya bazu a TikTok, sata ta yi tashin gwauron zabo, har kamfanonin suka fito da gyara a 2023. Abin da ya zame wa waɗancan masifa, shi muke biyan kuɗi a mayar da motocinmu.

18/ Na san amsar da ake bayarwa: "Dutse ce fa, lafiya lau muke." Alhamdu lillahi, haka ne, kuma Allah Ya ƙara mana zaman lafiya. Amma motarka a Dutse kaɗai take kwana? Ba ka zuwa Kano ɗaurin aure? Ba ka barin ta a bakin kasuwar Shuwarin ka shige ciki awa uku? Ba ka ba yaran wanki makulli? Wanda ya riƙe makullinka minti goma zai iya yanko irinsa, kuma in cip na ɗaure, wannan yankan ya isa.

19/ Ba kuma zan ɗora wa makanikai laifin duka ba. Yawancinsu a kan motocin kafireta suka koyi aiki, hannunsu da kunnensu ne na'urarsu, kuma a nan ba a kama ƙafarsu. Na'urar rajistar makulli tana da tsada, ga sabunta manhaja, ga wuta. Mutum zai zuba wannan jari a garin da mai mota ke cewa "haba, makullin ne har nawa?" Mu muka koya musu aikin araha. Ni da bakina na ce a ɗaure.

20/ Inda nake ganin laifinsu shi ne rashin cewa "wannan ba aikina ba ne". Da bakanikena ya ce min tun farko motar nan tana da cip, a nemo mai na'ura, da ban sayi famfon mai a banza ba. Har yanzu yana cikin but, sabo fil. Muna nan da shi lafiya, shi ke min sabis, amma na faɗa masa wannan a gaban idonsa.

21/ Yadda aka gyara tawa daga ƙarshe, a Kano ne, wajen Ƙofar Ruwa. Abin da mutumin ya fara tambaya shi ne tsohon suwic. Ya ce da na kawo masa tun farko, da ya jera ƙananan faranta na cikin sabon su dace da tsohon makullina, in ci gaba da makulli ɗaya na ƙofa da tayarwa, cip da rimot ba a taɓa su ba. Ni ban ma san ana yin haka ba.

22/ Tunda an riga an yanke, sai ya warware salatif, ya ɗauki cip ɗina da allon rimot ya sa a sabon gida, ya yanka ƙarfe daidai da sabon suwic. Sannan ya jona na'urarsa a ramin nan mai ƙofofi 16 da ke ƙarƙashin dashbod, wanda kowace motar Amurka ke da shi tun 1996, ya yi wa makulli na biyu rajista. Bai kai awa biyu ba. Kuɗin bai kai na famfo da filogin da na yi asara ba. Na gwada makullin ƙanin matata a gabansa: kik kawai, ta ƙi tashi. Ban taɓa jin daɗin mota ta ƙi tashi ba sai ranar.

23/ Abu ɗaya bai min daɗi ba ko a can: bai nemi takardun mota ba. Ni mai ita ne, amma shi ina ya sani? Wanda ke da na'urar da za ta sa mota ta karɓi sabon makulli, amana ce babba a hannunsa. Ya kamata ƙungiyar makanikai ta NATA ta mayar da shi ƙa'ida, ba takarda da katin shaida, ba rajista. Mu ma mu daina jin haushi in an tambaye mu.

24/ Masu Toyota, ku duba makullanku yau. Baƙin kai shi ne uban makulli, mai ruwan toka na ba direba ko mai wanki ne. In kana da baƙin, ƙara wani abu ne mai sauƙi. In ya ɓace kuma ba ka da wani, aikin ya zama babba, kuɗin ma haka. A jikin ƙarfen, kusa da kai, za ka iya ganin ɗigo ko harafin G ko H. Irin cip ɗin ke nan, kuma ba sa maye gurbin juna, don haka kar a sayar maka da kowanne.

25/ Wanda ya sayi mota hannu na biyu a nan gida, shi ma ya bincika. Da yawa an riga an ɗaure musu tun kafin ta zo hannunsu. In an ba ka makulli ƙarfe zalla a motar da ke da fitilar makulli a dashbod, kuma tana tashi da shi, to a kwance murfin sitiyarin a leƙa. In makulli ya taɓa ɓata, a sa mai na'ura ya goge shi daga kwamfutar motar, ba a ƙara sabo kawai a tafi ba.

26/ Tambayata ga 'yan Dutse: akwai wanda ke da na'urar nan a cikin gari kuma ya iya aiki da ita, ko a Takur ko Fagoji ko ma Kiyawa? Wanda ya gwada da motarsa nake so ya amsa, ba "an ce" ba. Maƙwabcina na nan da tasa a ɗaure wata na biyar, tafiya Kano ce kawai ta hana shi.