Bindiga a Ƙugu, Kwando a Hannu



A ce yau Asabar ce, kana cikin wani babban kanti a birnin Houston na jihar Texas a Amurka. Ka gama tsince-tsincenka ka shiga layin biya. Mutumin da ke gabanka yana riƙe da kwando, madarar yara ce a ciki da burodi da sabulun wanki. Da ya sunkuya zai ɗauki wani abu, sai idonka ya sauka a ƙugunsa. Ƙaramar bindiga ce zaune cikin kubenta, baƙa wuluk, ko riga bai ja ya rufe ta ba. Ba ɗan sanda ba ne, ba maigadin kantin ba ne, mai sayayya ne kamarka. In ka ɗauki waya ka kira hukuma, tambayar da za a yi maka ita ce, ya zaro ta? Ya nuna wani da ita? In amsarka a'a ce, to bawan Allah bai yi laifin komai ba.

Haka doka take a Texas tun ranar 1 ga Janairun 2016. Da farko sai mai lasisi. Daga 1 ga Satumbar 2021 kuwa, bayan Gwamna Greg Abbott ya sa hannu a wata sabuwar doka, lasisin ma aka ɗage. Duk wanda ya kai shekara 21, kuma ba shi da tabon da zai hana shi riƙe makami, yana iya rataya bindigarsa ya tafi kasuwa, ba jarrabawa, ba horo. Texas ba ita kaɗai ba ce. Mafi yawan jihohin Amurka hamsin sun halatta yawo da ƙaramar bindiga a fili, tsiraru ne irin su New York da Illinois suka hana.

Tushen maganar yana cikin gyara na biyu da aka yi wa kundin tsarin mulkin ƙasar a 1791, wanda ya ba jama'a 'yancin mallakar makami da ɗaukarsa. An fi shekara ɗari biyu ana jayayya kan ma'anarsa. A 2008 Kotun Ƙoli ta ce 'yanci ne na kowane mutum a kan kansa, yana iya ajiye bindiga a gida. A watan Yunin 2022 ta ƙara gaba, alƙalai shida suka rinjayi uku, Mai Shari'a Clarence Thomas ya rubuta hukuncin cewa 'yancin bai tsaya a bakin ƙofar gida ba, yana bin mutum har titi. A ƙasar da wani ƙiyasi na 2018 ya ce akwai bindiga kusan miliyan 393 a hannun farar hula, wato bindigogi sun fi mutane yawa, wannan hukunci ba ƙaramin abu ba ne.

Wani abin mamaki a tarihin lamarin shi ne yadda mutunci ya sauya gefe. A da can, wanda ya ɓoye makami cikin riga shi ake kallo a matsayin maci amana, mai shirin mamayar wani. Jihohin Kentucky da Louisiana tun 1813 suka haramta ɓoye makami, kuma a 1846 babbar kotun jihar Georgia ta ce ana iya hana ɓoyewa amma ba a iya hana ɗauka a fili. Namiji ya nuna abin da yake riƙe da shi, haka suka ɗauka. Yau abin ya juye. Mai ɓoye tasa shi ne wanda ba ya tayar wa kowa da hankali, mai rataya ta a fili shi ake bi da kallo.

Mu da muka taso da finafinan kaboyi a silima, sai mu zaci haka garuruwan yammacin Amurka suke, kowa da libarba biyu a ƙugu yana shiga mashaya yana fita. Finafinan sun yi mana ƙarin gishiri. Garin Tombstone na Arizona yana da doka a 1881 cewa baƙo in ya shigo gari ya miƙa bindigarsa a ajiye masa. Shahararriyar musayar wutar nan ta O.K. Corral, ranar 26 ga Oktoban shekarar, wadda ba ta wuce kusan daƙiƙa talatin ba amma ta bar gawa uku, ta tashi ne lokacin da Virgil Earp, shugaban 'yan sandan garin, ya je da 'yan'uwansa su karɓe makaman wasu da suka ƙi bin dokar. Ita kanta Texas, uwar kaboyi, tun 1871 ta hana yawo da ƙaramar bindiga, ta shafe fiye da shekara ɗari da arba'in kafin ta bari a rataya ta a fili. Ashe abin da ake ce mana al'adar kaka da kakanni ce, a wurare da yawa bai kai jikokin ma shekaru ba.

Masu wannan ɗabi'a suna da hujjojinsu, kuma ba duka ne na yasarwa ba. Suna cewa ɓarawo in ya leƙo ya ga bindiga zai nemi wani wurin, rigakafi ya fi magani. Suna cewa zaro ta daga kube a fili ya fi sauri a kan lalubo ta ƙarƙashin riga. A Arizona da Texas, inda zafi yake kama da na Sakkwato a watan Afrilu, sa kwat don kawai a rufe bindiga azaba ce. Manomin da gonarsa ke da tazarar tafiyar sa'a guda daga ofishin 'yan sanda mafi kusa, ga macizai ga namun dawa, ni ban ga abin zargi ba in ya rataya tasa ya hau motarsa. Wasunsu kuma ba sa ɓoye cewa wa'azi suke yi da ƙugu. 'Yancin da ba a amfani da shi, in ji su, wata rana za a wayi gari babu shi, don haka gara ido ya saba.

Sai dai ko a tsakanin ma'abota bindiga ba a haɗu a kan wannan ba. Da yawa daga masu koyar da harbi suna faɗa wa ɗalibansu cewa mai bindiga a fili shi ne ɗan fashi zai fara kaiwa ƙasa, tunda ya riga ya sanar da kansa. Ɗan sanda ana koya masa yadda zai kare tasa in wani ya kai mata wawura, shi kuwa mai layin biya ya juya baya yana latsa waya. A 2014, a garin Gresham na jihar Oregon, wani saurayi ya fito da sabuwar bindigarsa rataye, wani ya tare shi da tasa bindigar ya ce ta burge shi, ya karɓe ya yi gaba. A shekarar ce ma ƙungiyar NRA, babbar mai kare 'yancin bindiga a ƙasar, ta soki wasu 'yan Texas masu shiga gidajen abinci da dogayen bindigogi, ta ce abin nasu ya zama banbaraƙwai yana tsorata mutane. Da 'ya'yanta suka yi mata ca, ta lashe amanta cikin 'yan kwanaki.

Ni inda hankalina ya fi tsayawa ba kan mai bindigar ba ne. Kan matar da ke bayansa a layi ne, riƙe da hannun ɗanta. Shi ya san zuciyarsa, ya san madara ya zo saya. Ita fa? Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska, to amma mai madara da mai mugun nufi fuskarsu ɗaya har zuwa lokacin da hannu zai kai ƙugu. Da can ganin mutum da bindiga a cikin kanti ƙararrawa ce, kowa ya san abin yi, a fice a kira 'yan sanda. Doka ta zo ta cire wa ƙararrawar nan harshe. Kwanciyar hankalin da mai bindiga ya saya wa kansa, da na mutanen da ke kewaye da shi ya biya, kuma ba wanda ya tambaye su ko sun yarda.

Wannan ba shaci-faɗi ba ne. Safiyar 31 ga Oktoban 2015, a birnin Colorado Springs, wata mata ta hango maƙwabcinta yana zirga-zirga da doguwar bindiga, yanayinsa bai yi mata ba, ta kira lambar gaggawa. Mai amsa waya ta tunatar da ita cewa a jihar doka ta yarda mutum ya ɗauki bindiga a fili. Mintoci kaɗan matar ta sake kira, a wannan karon ta ga ya harbe wani mai keke. Mutum uku ya kashe kafin 'yan sanda su kashe shi. Mai amsa wayar ba ƙarya ta yi ba, doka ta faɗa.

Bayan wata takwas, ranar 7 ga Yulin 2016, wani ya buɗe wuta a wajen zanga-zangar lumana a Dallas ya kashe 'yan sanda biyar. Cikin masu zanga-zangar akwai mutum ashirin zuwa talatin rataye da dogayen bindigogi, bisa doka. Da harbi ya fara suka watse da gudu kamar kowa, 'yan sanda suka rasa wa za su bi. Har hoton ɗaya daga cikinsu aka baza wa duniya a matsayin wanda ake nema, alhali shi tuni ya miƙa wa wani jami'i bindigarsa, kuma ba shi da hannu. Shugaban 'yan sandan birnin, David Brown, ya fito ya faɗa ƙarara cewa in kowa na riƙe da makami aka fara harbi, ba su da yadda za su bambance na kirki da mugu.

Akwai kuma tambayar da Amurkawa ba sa son a yi musu: wane ne ya rataya bindigar? Ranar 2 ga Mayun 1967, kusan mutum talatin 'yan ƙungiyar baƙar fata ta Black Panther suka je majalisar dokokin Kalifoniya a Sacramento ɗauke da bindigogi a fili. Riƙe bindigar nan ba laifi ba ne a jihar a lokacin. Ba a cika wata uku ba aka kafa dokar haramta yawo da bindiga mai harsashi a bainar jama'a, kuma wanda ya sa mata hannu shi ne Gwamna Ronald Reagan, gwarzon masu ra'ayin riƙau. Rawar ba ta sauya ba, mai rawar aka duba.

Jihar Ohio ta halatta ɗaukar bindiga a fili. A can ne, a watan Agustan 2014, John Crawford, baƙar fata ɗan shekara 22, ya ɗauki bindigar iska daga kantar wani shagon Walmart, kayan da shagon ke sayarwa, yana tafe yana waya, 'yan sanda suka harbe shi. A watan Nuwamba, a Cleveland, Tamir Rice, yaro ɗan shekara 12 mai wasa da bindigar wasa, aka harbe shi kusan daƙiƙa biyu da isowar motar 'yan sanda. Philando Castile na Minnesota yana da lasisinsa, da bakinsa ya gaya wa ɗan sanda cewa akwai bindiga a jikinsa, aka kashe shi a gaban budurwarsa da 'yarta mai shekara huɗu. Kisansa na cikin abin da ya fito da mutanen Dallas kan titi washegari, a waccan zanga-zangar ta Yulin 2016. Takardar doka ɗaya ce ga kowa, amma uban da ke da ɗa baƙar fata a Amurka ya san abin da zai ce wa ɗansa in ya ce zai gwada wannan 'yanci.

Na san wani zai ce, to mu da 'yan bindiga suka hana noma, ina ruwanmu da damuwar mai layin kanti? Kwanaki kaɗan bayan hukuncin Kotun Ƙolin Amurka na 2022, gwamnatin Zamfara ta Bello Matawalle ta ce jama'a su nemi lasisi su mallaki bindiga don kare kansu, kuma duk lokacin da muhawarar nan ta taso sai ka ji an ce ai a Amurka kowa da tasa. Mai kafa hujja da Amurka ya ɗauko ta duka. A 2021 mutum 48,830 bindiga ta kashe a can, fiye da rabinsu da hannunsu suka juya ta kansu. Ƙauyen da aka kewaye da dare magana ce daban, mai nauyinta, amma ba ita ce maganar mai zuwa sayen madara da fistol ba.

'Yan kasuwa su ne suka tsinci kansu a tsaka mai wuya. A Texas mai shago yana iya hana shigowa da bindiga a fili in ya kafa allo a ƙofa, da Turanci da Sifaniyanci, haruffan su kai inci guda, kalmomin kuma daidai yadda doka ta tsara. Manyan kamfanoni sun bi wata hanya. Bayan harin da aka kai shagon Walmart na El Paso a Agustan 2019, wanda ya ci rai 23, kamfanin ya roƙi abokan cinikinsa su daina shigowa da bindiga a bayyane. Tun 2013 shugaban kamfanin gahawa na Starbucks, Howard Schultz, ya rubuta irin wannan wasiƙa, bayan masu ra'ayin bindiga sun mayar da shagunansa dandalin taro. Roƙo ya yi, bai kafa doka ba, kuma ya faɗi dalili. In ya ce haramun ne, wani ne zai aiwatar, kuma wanin nan shi ne yaron da ke bayan kanta yana haɗa shayi, wanda za a tura ya tunkari mutum mai bindiga a ƙugu ya ce masa, malam, don Allah ka fita.