Ƙwai a Sama Road, Ƙwai a Ƙasar Waje



Duk wanda ya bi Sama Road da yamma ya san teburin mai shayi: kiret-kiret na ƙwai a jere, talatin-talatin, babu firji, ga zafin Sakkwato da kan haura digiri 40 a watan Afrilu. Amma ɗanmu da ya tafi karatu Amurka yakan tarar da ƙwai a cikin firjin kanti. Sai ya ɗauka tsirfa ce ta Turawa, ya saya ya ajiye bisa tebur kamar yadda ya saba gani a gida. To, a nan haɗarin yake.

Kaza kan saki ƙwanta da wani siririn rufi a jikin ɓawo, wanda ke toshe ƙofofin da ido ba ya gani. A Amurka ana wanke ƙwai da ruwan ɗumi da sinadari kafin ya kai kanti, wankin kuma yana tafiya da wannan rufi. Shi ya sa doka a can ta ce a riƙe shi cikin sanyin da bai wuce digiri 7 ba. Ingila ta bi wata hanya. A 1988 ƙaramar ministar lafiya, Edwina Currie, ta ce yawancin ƙwan ƙasar na ɗauke da ƙwayar salmonela, kasuwa ta karye, ita kuma ta rasa kujerarta. Daga 1998 aka shiga yi wa kaji rigakafi ana buga tambarin zaki a ɓawo. Ba sa wankewa, don haka a kantinsu ƙwai yana kan kanta kamar namu.

Abin da ya fi damuna shi ne abin da muke yi a nan gida. Uwargida ta sayo ƙwai, ta ga kashin kaji a jiki, ta wanke tas don tsafta, ta sa a firji. Tsakar dare a ɗauke wuta. Ƙwan ya yi gumi, danshin nan ya ja ƙwayoyin cuta zuwa ciki ta ɓawon da aka riga aka tsiraita. Gobe yaro ya kama gudawa da zazzaɓi, a ce ruwa ne ko sammu.

Idan wutar unguwarku ba ta tsayawa, gara ki sayi kaɗan, ki goge dattin da busasshen tsumma, ki ajiye a inuwa mai iska, wanki sai lokacin fasawa. Akwai kuma dabarar marigayi Malam Mohammed Bah Abba na Jigawa, tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda ta ba shi lambar yabo ta Rolex a 2000. A busasshen yanayi irin namu tana aiki sosai.

Gwajin iyayenmu na jefa ƙwai a ruwa, mai kyau ya nutse, baragurbi ya taso, tsufan ƙwai kawai yake nunawa. Salmonela ba ta sa ƙwai ya taso, ba ta kuma wari. Wuta ce maganinta. Saboda haka idan kun tsaya wurin mai shayi, ku ce ya bari gwaiduwar ta daskare, musamman in mai ciki, tsoho ko ƙaramin yaro za a kai wa.